Juma'ar da Na Rufe wa Barsu Ƙofa

Ku samarin nan da kuke tsayawa bakin rumfata a Zango kuna ƙus-ƙus, na ji abin da kuke faɗi. Wai Idi Mai Keji ya samu sana'ar banza: a buga katako, a ja raga, a cafko kare a jefa ciki a danna sakata, shi ke nan. To ku matso ku zauna, kunnena ƙalau yake, gemun ne kawai ya yi fari. Buga keji ai kowane ɗan koyo zai gama shi a yini ɗaya. Abin da ake zuwa wurina dominsa shi ne kare ya shiga da ƙafarsa, ya juya, ya kwanta ya yi barci, ko da an ɗaure kejin a bayan babur an nufi daji da shi. Sai ku faɗa mini da wace guduma ake buga wannan.

Aikina na farko a hannun maigidana na yi shi, Malam Tsalha, Allah ya jiƙansa, kafinta ne kuma mafarauci, rumfarsa tana cikin Daura ba nisa da Kusugu. Lokacin dajin kusa duk ya zama gonaki, mafarauta sun koma tafiya mai nisa a kan babura. Karen da ya yi gudun rabin yini a bayan babur zai isa daji tafin ƙafa a sale, ko kurege ba zai kama ba. Shi ya sa keji ya zama dole. Wani mafarauci daga wajen Kongolam ya kawo wata jar karya, ya ce a saba mata da keji. Na auna ta, na buga keji mai kyau, ina jin kaina. Malam Tsalha na tashi zuwa sallar azahar na cafko ta na tura ciki na rufe, don ya dawo ya tarar na gama abin da shi yake kwashe makonni yana yi.

Kai, ranar unguwa ta ji kuka. Da ya dawo bai zage ni ba, da ma ya zage nin da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe mata, ta fito ta shige ƙarƙashin tarin katako tana rawar jiki. Ya dube ni ya ce, "Idi, wannan kejin ka kashe mata shi. Ɗauki ka kai wa matata ta zuba kaji, ka buga wani." Na buga wani. Ya cire ƙofar da hannunsa ya rataye ta a ƙusa can sama, ya nuna mini turmi a kife a gefen kejin ya ce in zauna. Na ce in yi me? Ya ce, "Ka yi zama. Kada ka kalle ta, kada ka kira ta." Kwana shida ina zaune a kan turmin nan masu wucewa suna tambaya ko ba ni da lafiya ne.

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, guduma, filaya, almakashin yanka raga, sai igiyar awo. Ana auna kare yana tsaye, daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara tafin hannu, yadda zai miƙe ya juya ba tare da ya sunkuya ba. In ya yi faɗi da yawa zai mayar da kusurwa ɗaya makewayi, a kan babur kuma ya riƙa gwaruwa da katako. Duk bakin wayar da ya fito sai an lanƙwashe shi waje. Ƙasa katako ake sawa, ba raga ba, saboda farce. Sauran kayan aikin a gidan mai kare suke: kaskon da karen ya saba ci a ciki, ƙanzo jiƙaƙƙe da ɗan romo, da tsohuwar rigar maigidansa wadda ba a wanke ba.

Ga yadda ake yi, ku buɗe kunne. Ana ajiye keji babu ƙofa a inda karen ya saba kwanciya. Abinci a nesa da shi tukuna, gobe a matso da kasko, jibi a bakin ƙofa, gata a ciki kaɗan yadda zai miƙa wuya ya ci ƙafafunsa na baya suna waje. Za ku ga yana ci yana shirin gudu, to a bar shi. Ranar da ya shiga gaba ɗaya kada a yi murna da ƙarfi. Sai ya kai ga shiga don kansa da rana tsaka ya kwanta a kan rigar nan, sannan a maƙala ƙofa, a bar ta a buɗe kwana biyu yana shinshinarta. Sannan a rufe yana cin abinci, a buɗe kafin ya gama. Sannan a rufe maigidansa yana zaune kusa. Abin da ya fi kowane wuya shi ne na ƙarshe, wato maigida ya tashi. Taku uku ya dawo. Taku goma ya dawo. Ya ɓuya bayan danga gwargwadon shan ruwa ya dawo, kullum kafin karen ya fara kuka. Abin da ake koya masa ke nan, cewa mutumin nan yana dawowa. Ɗan kwikwiyo yakan ɗauka a mako biyu ko uku. Babban kare da bai taɓa ganin keji ba yakan ci wata guda har da ɗoriya, kuma ba a taɓa jefa kare a keji don ya yi laifi.

Da aka ƙaddamar da shari'a na riga na buɗe tawa rumfar a nan Zango. Mutane suka shiga gyara al'amuransu, abu mai kyau, amma aka samu masu ganin duk wanda ya taɓa kare ya ƙazantu. Akwai wanda ya daina ba ni hannu a masallaci. Na je na tambayi limaminmu, ya ce karen farauta da na gona da na kiwo babu laifi a riƙe su, in dai na kula da tsarkina. Hankalina ya kwanta, amma maganar mutane ta riga ta shiga jikina. Na zama mai yawan waige, mai son a ce Idi duk da sana'arsa mutum ne mai kiyayewa.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda haukar karnuka ta ɓulla a ƙauyukan arewa da mu, ana cikin rani. Mahaukacin kare ya ciji wata yarinya a hanyar rijiya, aka yi ta magani, Allah ya karɓi abarsa. Tsoro ya kama kowa, kuma da gaskiyarsu. A shekarar farauta ta mutu, mafarauta da yawa suka rasa karnukansu, wasu ciwon ya kashe, wasu gora ta kashe. Mai garin wani ƙauye ya sa aka yi shela ranar Talata: daga Juma'a duk karen da aka gani a sake za a kashe shi, kuma ɗauri da igiya bai isa ba tunda kare yana tsinke ta. Sai dai a kulle shi har malamin dabbobi ya zo da allura. Wanda kuma ya nuna alamar ciwon, ko a kulle yake, 'yan sintiri su gama da shi.

A ranar Talatar aka aiko mini daga Baba Ilu, wani tsohon mafarauci na ƙauyen, abokin maigidana. Yanar ido ta kama shi, sai dishi-dishi yake gani. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu a nesa. Abin da ya rage masa shi ne gonarsa a bayan gari da wani farin kare mai suna Barsu, mai shekara tara. Ya ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya. Kullum da safe Barsu yana gaba, Baba Ilu yana bin farin da yake iya hangowa da ƙarar da yake ji, har gona, inda yake da 'yar rijiya da kayan lambu. In babu karen nan tsohon nan ba shi da ƙafar zuwa ko'ina.

Na ɗaura keji a babur na isa da la'asar. Bayan mun gaisa ya ce, "Idi, ka ji shelar. Ka san ban taɓa ko ɗaure shi ba. Kwana uku za su isa?"

Na san amsar sarai. Abin da ya kamata in ce shi ne ba za su isa ba, mu je wurin mai gari tare mu nemi wata dabara. Amma mafarautan ƙauyen sun taru suna kallona, kowa yana son ya ga aikin yaron Malam Tsalha. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, in sha Allahu za su isa. Ai ba yau na fara ba."

Na ajiye kejin a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar bedi, inda duk mai wucewa zai gani. Wannan ma zaɓina ne. Barsu a bakin ƙofar ɗakin Baba Ilu ya saba kwana, can cikin gida, amma na ce inuwar waje ta fi.

Abin da ya ruɗe ni shi ne karen ya ba da haɗin kai. Ban taɓa ganin mai hankali irinsa ba. Talata da yamma ya ci ƙanzo a bakin keji. Laraba ya miƙa rabin jiki. Alhamis na shimfiɗa tsohuwar rigar Baba Ilu a ciki, tsohon ya jawo buzunsa ya zauna a gefe yana jan carbi, sai ga Barsu ya shiga ya zagaya sau biyu ya kwanta. Mafarauta suka ce, "Kai! Lallai Idi ka iya." Na ji daɗi har cikin raina. Juma'a da safe na maƙala ƙofa, na rufe yana cin abinci, Baba Ilu yana zaune ya zura yatsunsa ta raga. Barsu ya ɗaga kai ya dubi ƙofar, ya ci gaba da ci, ya sha ruwa ya ƙoshi. Na buɗe, na sake rufewa, sau huɗu. Ko sau ɗaya Baba Ilu bai tashi daga wurin ba. Wato matakin da ya fi kowane wuya ko taɓa shi ba mu yi ba.

Ƙauyen ba su da masallacin Juma'a, sai an tafi wani gari na gaba. A da Barsu ne yake kai Baba Ilu, ya kwanta a gindin wata tsamiya nesa da sahu har a idar, su dawo tare. Da rana ta ɗaga Baba Ilu ya yi wanka ya sa farar riga, ya tsaya yana juya sandarsa. Ya ce, "Idi, raina bai kwanta ba. Bari in shigar da shi ɗakina in ja ƙofa. Ya san warin ɗakin, shekara tara yana kwana a bakinsa. Mai gari cewa ya yi a kulle, ɗaki ma ai kulle ne."

Na ce, "Haba Baba! Kare a ɗakin da kake salla? A wannan zamanin? Kafin la'asar maganar ta zaga gari, a ce tsoho da kai ka shigar da kare kan shimfiɗarka. Ni ma a ce ni na ba ka shawara. Bar shi a keji, ai ka ga yadda ya kwanta."

Ya daina juya sandar. Sannan ya ce, "Kai ka san aikinka."

Gaskiyar magana ita ce tsohon ya fi ni gaskiya, kuma na sani a lokacin. Ɗaki ana share shi, a wanke, a sake shimfiɗa. Tsoron bakin mutane ne ya hana ni, da kuma son a dawo daga masallaci a tarar da kare kwance lafiya cikin kejin da na buga. Na kira Barsu da ƙanzo, ya shiga. Na danna sakata, na ƙara ɗaure ta da waya. Na ɗauki Baba Ilu a bayan babur. Muna tashi na ji ƙararrawar ta kaɗa da ƙarfi, ya miƙe ke nan. Kafin mu fita gari na jiyo haushi. Baba Ilu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji shi?" Na ce, "Zai yi shiru, Baba," na ƙara wuta.

Aka yi huɗuba aka yi salla. Bayan an idar tsofaffi suka tsare Baba Ilu da gaisuwa, don an daɗe ba a gan shi ba kare ba, kowa yana tambaya. Ni ma wasu suka tsare ni suna son keji. Mun kai la'asar sakaliya kafin mu kamo hanya.

Tun daga nesa na hango taro a gindin bedi, kuma babu haushi. Na tsayar da babur muka sauka. Shugaban 'yan sintiri, wani magidanci mai suna Lawal, ya taho da mashi a hannu, ya cire hula ya durƙusa gaban Baba Ilu. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ciwon ya kama shi. Tun tafiyarku yake ihu, matan makwabta suka kwashe yara suka kulle gida, aka aika mana. Mun zo mun tarar yana cizon waya, bakinsa duk kumfa da jini, idonsa ja wur. Na matsa in duba ya yo kaina. Wallahi ba mu so ba, amma ka san abin da aka ce."

Na ratsa mutane na je na duba. Ya ciji ragar har haƙoransa biyu sun karye, ya tone katakon ƙasa har farcensa ya fita, ya kifar da kasko, ya yi kashi a kan rigar. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya san wannan. Haka kare yake yi in an rufe shi ya ga maigidansa ya tafi, bai kuma san zai dawo ba. Kumfar ta haki ce da ƙishi, jinin na waya ne. Karen da ciwon ya kama har ya kai haka ba ya cin ƙanzo ya sha ruwa da safe yana kaɗa wutsiya, ni kuwa da idona na ga Barsu ya yi. Ta cikin raga suka soke shi. Ko wurin kaucewa ba shi da shi, don ni na auna kejin daidai jikinsa.

Ban ga laifin Lawal ba, har gobe. An binne yarinya a makon da ya wuce, sun ga kumfa, me kuke so su yi? Na juya na ce a gaban kowa, "Karen nan lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe shi." Wasu suka ce in yi istigfari, ƙaddara ce. Baba Ilu ya matso. Ya lalubo kejin da sanda, ya tsuguna, ya bi ragar da tafin hannu har ya kai ga sakata, ya tarar da wayar da na ƙara. Ya yi ta ƙoƙarin kwance ta da yatsu ya kasa. Ya ce, "Idi, zo ka buɗe." Na ɗauko filaya na buɗe. Baƙin cikin da na ji a tsugunen nan ban ji irinsa ba ko ranar da aka ce mini maigidana ya rasu, Allah ya yafe mini.

Mutane suka ce a ja shi a kai rami bayan gari a ƙone. Baba Ilu ya ce a'a, a gonarsa za a rufe shi, kuma da shi za a je. Lawal ya ce to a yi rami mai zurfi, kada kowa ya taɓa shi da hannu. Na naɗe hannuna da leda, na cire ƙararrawar, na sa Barsu a buhu na ɗaure. Na saɓa buhun a kafaɗa, na rataya fartanya, na kama bakin sandar Baba Ilu, shi yana riƙe da ɗaya bakin. Wasu suka ce za su raka mu, ya ce su koma.

Ban taɓa jan makaho ba. Ina ta sauri don rana ta yi ƙasa, buhun yana zuba mini jini a baya. Ba mu yi nisa ba na sa shi ya yi karo da kututturen gero, ya yi taga-taga. Na ce, "Sannu Baba." Ya ce, "Ba komai." Can gaba na bi da shi ta ƙarƙashin wata ƙaya, ta fizge masa hula. Na ajiye buhu na ciro ta, na karkaɗe na sa masa. Muka ci gaba. Hanyar ta rabu biyu, ban san wadda zan bi ba, sai shi ya ce mini hagu.

Muna gab da gonar na ji sandar ta tsaya cak a hannuna. Na waiga na ce, "Baba, ka gaji ne? Mu huta?"

Ya ce, "A'a. A nan yakan tsaya ya jira ni. Akwai rami."

Na duba gabana. Ga ramin kuwa, zaizayar ruwa ta cinye rabin hanya, busasshiyar ciyawa ta rufe bakinsa, saura taku biyu in jefa mu ciki ni da shi. Na ja shi muka zagaya ta gefe, a hankali, yana laluben ƙasa da ƙafa.